ZARE: Shaihu Umar da kalmar da muke tsallakewa idan an ce mu kawo jigo

1/ Jiya da daddare ƙanwata ta miƙo min littafin aikinta ta ce, "Yaya, don Allah duba min wannan kafin gobe." An ba su aikin gida a kan Shaihu Umar: su kawo jigo, su yi sharhi a kan taurari uku. Layinta na farko: jigon littafin shi ne haƙuri. Sai da na yi dariya, don ni ma abin da na rubuta ke nan ina ajinsu, kuma an ba ni maki mai kyau. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ba ƙarya ta yi ba, akwai haƙuri a littafin. Amma na tambaye ta, haƙuri da me? Ta ce da ƙaddara. Na ce mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya yi cinikin. Uwar Umar mutum ne ya yaudare ta, mutum ya sayar da ita, wani ya ƙirga kuɗi ya saya. Yarinyar nan ta cika shafi biyu, kalmar bauta ba ta fito ko sau ɗaya ba.

3/ Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan. Littafin nan idan ka karanta shi ba tare da shekaru a gefenka ba, sai ya zame maka tatsuniyar yaron kirki da ya zama malami. Ka sa shekarun, sai ka ga wani littafi dabam.

4/ Mu fara da yadda aka haife shi. A 1933 wani Bature, Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya (ita ce ta koma Hukumar Talifi), ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Dalili kuwa, an koya wa yara karatu a makarantu amma babu abin da za su karanta da Hausa sai littattafan aji da fassarori.

5/ Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar. Yawancin marubutan 'yan boko ne na farko-farko, waɗanda suka ratsa ta makarantun Turawa.

6/ Wanda ya rubuta Shaihu Umar shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai hoto a jikin naira biyar. An haife shi a 1912. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a Midil. Ku yi lissafi: ɗan shekara 20 zuwa 21 ne ya rubuta littafin nan. Sa'ana ne. Ni ga ni nan ina fama da aikin shafi biyar tun makon jiya.

7/ Wannan yana da amfani a jarrabawa, don ɗalibai da yawa suna rubuta "Firimiya ya rubuta" ko "Firaminista yana nuna mana". A'a. Bai zama Firaminista ba sai 1957, shekara 24 bayan nan. Saurayin malamin makaranta ne ya rubuta, ɗan talaka, wanda mahaifinsa ke aiki a gidan hakimin Lere. Fada ya san ta ne daga ƙasa, daga wajen masu durƙuso.

8/ Ga labarin a gurguje don waɗanda suka manta. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ba su labari da bakinsa. An haife shi a Kagara. Ubansa baduku ne, ya rasu tun yana ciki. Uwarsa 'yar Fatika ce, ta auri wani bafade mai suna Makau.

9/ Aka tafi hari ƙasar Gwari, Makau ya yi jarunta. Fadawa masu hassada suka kai sukarsa wurin sarki, wai ya ɓoye wasu bayin da ya kamo. Sarki ya kore shi, ya nufi Makarfi. Uwar ta tafi ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana. A nan aka sace shi.

10/ Daga hannu zuwa hannu har Kano, gidan wani dillalin bayi, Gumuzu. Wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tafi da shi garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Ya yi ilimi har ya gaji malaminsa, Shaihu Mas'udu.

11/ Ita kuwa uwar ta bazama nemansa. A Kano wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta inda ɗanta yake. Ya kai ta Murzuk, maganar ta juye. Har gaban alƙali aka je, ba ta kuɓuta ba. Aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus tana baiwa. Umar ya yi mafarki, ya taso neman ta, ya same ta, ba ta jima ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira.

12/ To yanzu ku kalli zubin labarin. Mutum biyu, jini ɗaya, suka ƙetare hamada ɗaya. Ɗan ya isa can ya zama shaihi. Uwar ta isa can ta mutu. Duk su biyun masu haƙuri ne, ita ma har ta fi shi, don shi yana yaro aka ɗauke shi, ita kuwa da ƙafarta da hankalinta ta bi. Idan haƙuri ne kaɗai jigon, a gaya min me ya sa nata bai biya ta ba.

13/ Abin da ya raba su shi ne hannun da kowa ya faɗa. Shi ya faɗa hannun wanda ya so shi. Ita ta faɗa hannun mayaudari. Babu wata doka, babu sarki, babu alƙali da ya tsaya wa ɗayansu. Ga ni dai, wannan ne tsakiyar littafin: a duniyar da mutum yake haja, ranka yana rataye ne da halin wanda ya mallake ka.

14/ Yaushe ne wannan duniyar? Littafin ya bar mana alama guda. Kusa da ƙarshe an ambaci Rabeh da ɓarnar da ya yi a Borno. Rabeh ya ci Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Ke nan yarintar Umar ta faɗo ne wajen tsakiyar ƙarni na 19 zuwa gaba, zamanin Daular Usmaniyya da ƙarfinta, kafin Turawa su ci Kano a 1903.

15/ Kuma hanyar da aka bi da su ba ƙirƙira ba ce. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ya bi ta Agadas da Gat, wasu su ratsa Murzuk a ƙasar Fezan, har Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni. Ana kai fatu da tufafin rini da hauren giwa da gashin jimina. Ana kai mutane.

16/ Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Murzuk a 1850, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai wajen 5,000, wasu a yi Borno da su, wasu Nufe, wasu hamada. Abin dariya, sunan da ya sa wa kansa a tafiyar nan shi ne Abdulkarim.

17/ Larabawan da ke wannan fatauci suna da unguwarsu a cikin birnin Kano, Dandalin Turawa. E, a da can idan Bakano ya ce Bature, Balarabe yake nufi. Don haka Abdulkarim na littafin ba baƙon tatsuniya ba ne, irinsa sun zauna a Kano, sun yi aure, jikokinsu suna nan.

18/ Daular Turkawa, mai mulkin Tarabulus a lokacin, ta hana cinikin baƙaƙen bayi a 1857. A takarda ke nan. Ayari bai daina tafiya ba, sai dai ya sake hanya ya rage hayaniya. Abin da ya karya fataucin hamada gaba ɗaya ya zo ne wajen 1911: jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta faɗa wa Libiya.

19/ Amma kada hamada ta ɗauke mana hankali, don mafi yawan bayi ba su taɓa ƙetare ta ba. Nan suka zauna, a rinji, a gandu, a gidajen sarauta, a matsayin ƙwarƙwara ko dogari ko manomi. Masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka zo akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular. Wannan ba ƙaramin lungu ba ne na tarihinmu, ginshiƙi ne na tattalin arzikin lokacin.

20/ Ga shekarar da ta fi girgiza ni. Dokar Lugard ta 1901 ta hana hari da kasuwar bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda suke cikin bauta ba. Kana so ka fita, sai ka biya fansa, galibi ta hanyar murgu, wato ka yi sana'arka kana biyan ubangijinka. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936.

21/ 1936. An rubuta Shaihu Umar a 1933. Wato ranar da saurayin nan ya ɗauki alƙalami, akwai dattawa a Bauchi da Kano da Zariya da har yanzu bayi ne. Akwai waɗanda suka yi harin suna raye, suna zaune a fada. Akwai iyayen da aka sace wa 'ya'ya suna raye. Abin da mu muke gani tsohon tarihi, a wurinsa maganar maƙwabta ce.

22/ Da wannan a kai, mu koma kan taurari. Makau. Kowane ɗalibi yana rubuta: mutumin kirki ne, mai gaskiya, an zalunce shi. Haka ne. Amma a kan me aka zalunce shi? A kan rabon mutanen da ya kamo. Gardamar fada ita ce bayi nawa ya kawo wa sarki. Babu wanda ya tashi ya ce me ya sa aka je aka kamo su tun farko.

23/ Idan ka rubuta Makau mutumin kirki ne ka tsaya nan, ka ba da rabin amsa. Ka rubuta duka biyun: ya riƙe agolansa da amana, kuma sana'arsa raba wasu yara da iyayensu. Abin da ya je ya yi wa wani ƙauye shi ne daga baya aka yi wa gidansa. Ko marubucin ya yi haka da gangan ko a'a, yana nan a shafi, kuma kana da damar nuna shi.

24/ Abdulkarim ma haka. Uba ne na gari ga Umar, babu musu. Amma a ina suka haɗu? A gidan dillalin bayi. Me ya kai shi can? Ya zaɓi yaro ɗaya ya mai da shi ɗa. Sauran da ke tsare a gidan Gumuzu fa? Tambayar da nake so in gani a takardar ɗalibi ke nan.

25/ Shi kansa Umar, a gaskiya, shi ne tauraron da ya fi wahalar rubutu a kai, don kusan ba ya yin komai. Ana ɗaukarsa, ana ajiye shi, ana sayensa, ana koya masa. Babban abin da ya yanke da kansa shi ne tashi neman uwarsa. Kuma ku tuna shi ke ba da labarin, yana dattijo, gaban almajiransa. Malami ba zai zauna gaban ɗalibai yana kuka ko zagi ba. Sanyin muryar littafin daga nan yake, kada ku ɗauka abin bai yi zafi ba.

26/ Wadda take motsi, take yanke shawara, take faɗa, take ƙin sallamawa, ita ce uwar. Ta bar gida, ta bar miji, ta shiga Kano, ta shiga ayari, ta tsaya gaban alƙali a ƙasar da ba ta jin yarensu. A littafin da ita ake saninta, uwar Umar. Suna Fatima da mutane suka riƙe daga wasan kwaikwayo da fim ya bazu. Na gaya wa ƙanwata, in ni ne, da ita zan fara.

27/ Akwai kuma dalilin da ya sa labarinta zai fi ƙona ran mai karatu na 1934. 'Ya ce, Musulma. A shari'a haramun ne a bautar da ita. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa a kan wannan, ya lissafa ƙasashe irin su Kano da Katsina da Borno a matsayin na Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Malaman jihadi ma sun zargi sarakunan Haɓe da wannan laifi. Littafin yana nuna ana yin sa a zamanin da ake cewa shari'a ke mulki.

28/ Nan ne kuma iyakar littafin, kuma dole a faɗa. Zafinsa yana kan 'ya da aka mai da baiwa. Mutanen ƙauyen da aka kai wa hari ba su da suna, ba su da murya, lamba ce kawai a gaban sarki. Su ma iyaye ne da 'ya'ya. Su ne Gbagyi, kuma jikokinsu suna ajinmu, suna karanta littafin nan tare da mu, suna nan a wannan dandali. Wata 'yar ajinmu Bagbagyiya ce ta fara nuna min wannan, ni ban taɓa lura ba.

29/ Wani zai ce ai Turawa ne suka sa gasar, dole a rubuta abin da zai muzanta zamanin sarakuna. Maganar tana da ƙafa, don hujjar da Lugard ya fi kafawa wajen cin ƙasar nan ita ce hana harin bayi. Amma ku duba, a Shaihu Umar babu Baturen da ya zo ya ceci kowa. Wanda ya tsira, ilimin addini ne ya ɗaga shi, a hannun malaman Musulmi.

30/ Ku gwada shi da Ganɗoki, ɗan gasa ɗaya. Can jarumin mayaƙi ne na Kwantagora, yana gwabzawa da Turawa yana kirari. Kwantagora kuwa, a zamanin Ibrahim Nagwamatse, ta yi ƙaurin suna wajen kai hari ƙasar Gwari har Turawa suka ci ta a 1901. Littattafai biyu, shekara ɗaya, yanki ɗaya: ɗaya yana kallo daga kan doki, ɗaya daga hannun wanda aka ɗaure. Wanda ya kawo wannan kwatanci a jarrabawa, wallahi malami sai ya ɗago kai.

31/ Fadar da ya zana ma ku riƙe ta: sarki mai jin maganar 'yan gulma, mai yanke hukunci kafin bincike. A 1950, shekara 17 bayan nan, mutumin nan ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, ya ce an bar talaka ba shi da ta cewa. Sarakuna ba su ji daɗi ba. Ba na cewa littafin takardar siyasa ce, amma idon da ya ga Makau shi ne ya yi wannan jawabi.

32/ An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Shekara guda bayan nan, 1967, Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar Turanci. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekaru, aka gano shi aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Amma don Allah kada ku amsa tambayar littafi da fim, akwai bambanci.

33/ Me muka yi da ƙanwata? Ba mu goge haƙuri ba, mun mai da shi ƙaramin jigo, tare da hassada da neman ilimi da ƙaunar uwa. Babban jigo ta sa bauta da yadda take wargaza iyali. A warwarar jigo ta kawo wurare uku: harin ƙasar Gwari, gidan Gumuzu, cinikin Murzuk. Kowane tauraro ta ba shi tambaya biyu: me ya yi, kuma wa ya ji a jikinsa.

34/ Ta ce, "Yaya, in malam ya ce ba haka yake a takardar amsarsa ba fa?" Tsoronta yana kan hanya, ni ma na taɓa rasa maki a kan irin wannan. Na ce ta rubuta shafin da kowace hujja take, ta sa 1933 da 1936 a sakin layi na farko, ta bar haƙurin a ciki yadda mai dubawa zai gan shi. Sai wajen sha biyun dare ta gama kwafewa. Yau da safe ta miƙa, ran Litinin za a dawo musu da shi.